Sigarin Lantarki Ya Tsallako Gada: Tallar Da Ba Ta Bi Ta Hannun Duwan

Duk wanda ya saba tsallaka gadar Ngeli daga Kusiri zuwa Injamena ya san irin tsayuwar da ake sha a bakinta. A sauke kaya, a kwance ɗauri, jami'in duwan ya zura hannu cikin buhu, a yi ta ja-in-ja kan takarda, wani lokacin sai rana ta take kafin mota ta motsa. Atamfa, sabulu, takalman roba, man shafawa, komai sai an gan shi da ido. To amma akwai wani kaya da a 'yan shekarun nan yake shigowa birnin kashi biyu. Jikinsa ya biyo ta gada cikin katan, ko ta filin jirgin sama na Hassan Djamous cikin akwatin matafiyi, tallarsa kuwa ta riga shi isowa da watanni ta cikin wayar da ke aljihun yaron shagonka, ba tare da ta tsaya gaban kowane jami'i ba.

Muna magana ne a kan sigarin lantarki, wanda samari masu jin Faransanci ke ce wa puff, na wajen Najeriya kuma su ce masa vape. Dattijon da har yanzu yake kiran garin nan Fallomi zai iya ganinsa a hannun jikansa bai gane ko mene ne ba, domin kuwa wani kamar biro yake, wani kamar kwalbar turare, wani kuma kamar abin cajin waya, har da ɗan gilashi mai nuna sauran batir. Ba a kunna masa ashana, ba ya barin toka, kuma idan an busa hayaƙinsa ƙamshin mangwaro ne ko kankana ko na'ana'a ke tashi, cikin ɗan lokaci ya baje. Uwar da za ta iya gane warin taba a rigar ɗanta daga bakin ƙofa, wannan sai ta ɗauka alawa ya sha.

Asalin abin daga Sin yake. Wani masanin haɗa magunguna mai suna Hon Lik ne ya ƙera shi a shekarar 2003, bayan shi kansa ya daɗe yana fama da shan taba, mahaifinsa kuma cutar dajin huhu ta kama shi. Dabarar ba ta da wuya: batir yana ɗumama wata siririyar waya, wayar ta tafasa wani ruwa, ruwan ya zama tururi, mutum ya zuƙa. A cikin ruwan akwai nikotin, wato sinadarin da ke cikin ganyen taba wanda shi ne ke kama mutum ya kasa bari, sai kuma kayan ƙamshi da zaƙi. Har gobe mafi yawan wanda ake sha a duniya a birnin Shenzhen ake haɗa shi, garin da da yawa daga cikin masu karatunmu suka sani ta dalilin cinikin waya da caja. A 2023 ƙasar Sin ta fitar da na kimanin dala biliyan 11, kuma dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi shi ne, ita Sin ɗin ta hana sayar da shi ta intanet a cikin ƙasarta tun watan Nuwamba na 2019, sannan daga Oktoban 2022 ta hana sayar wa 'ya'yanta duk wani mai ɗanɗanon 'ya'yan itace, sai mai ɗanɗanon taba kawai. Mai ƙamshin mangwaron nan na fitarwa waje ne. Idan mai tuwo ta ƙi cin miyarta, ai baƙo ya kamata ya tambayi dalili.

Darasin Amurka

Domin a gane yadda tallar ke aiki, sai mun ɗan leƙa Amurka, inda aka fara gwada ta a kan yaran mutane. A 2015 aka fito da wani samfuri mai suna Juul, ɗan siriri mai kama da abin ajiyar bayanan kwamfuta. Masu shi ba su dogara da allunan bakin titi ko rediyo ba. Sun shirya bukukuwa suna raba shi kyauta, suka ɗauki hotunan samari da 'yan mata masu ado suna rawa da shi a hannu, suka zuba a Instagram da Twitter da YouTube. Daga nan sai yaran da kansu suka karɓi aikin, kowa na ɗaukar bidiyon kansa yana busa hayaƙi yana turawa abokai, kamfani na kwance ana yi masa talla ba ko sisi. Zuwa 2019 binciken hukumomin lafiya na ƙasar ya nuna kashi 27.5 cikin ɗari na ɗaliban manyan makarantun sakandare suna zuƙar sigarin lantarki, wato fiye da ɗaya cikin kowane huɗu, a ƙasar da aka yi shekaru ana murnar cewa matasa sun juya wa taba baya.

Da surutu ya yi yawa, kamfanin ya rufe shafukansa na Facebook da Instagram a Nuwamban 2018. Wata guda bayan haka kamfanin Altria, mai sigarin Marlboro a Amurka, ya sayi kashi 35 cikin ɗari na Juul a kan dala biliyan 12.8. Daga baya shari'u suka taso, a Satumban 2022 Juul ya amince ya biya fiye da jihohi talatin dala miliyan 438.5 kan yadda ya yi wa matasa talla, a Afrilun 2023 kuma ya sake amincewa da dala miliyan 462 ga wasu jihohi shida da babban birnin ƙasar. An biya kuɗi, amma yaran da nikotin ya kama bai sake su ba saboda an biya.

Ba Juul kaɗai ba ne. A 2018 wasu ƙungiyoyin yaƙi da taba sun kai ƙara gaban hukumar kula da ciniki ta Amurka, suna nuna cewa manyan kamfanonin taba na biyan matasa masu tashe a intanet a ƙasashe fiye da 40 domin su riƙa saka hotunan kayansu kamar ba talla ba. A Disamban 2019 hukumar kula da tallace-tallace ta Ingila ta hana kamfanin British American Tobacco tallata sigarinsa na lantarki a buɗaɗɗen shafin Instagram, a watan ne kuma Instagram ya ce ya haramta wa masu tashe karɓar kuɗi don tallata irin waɗannan kaya. A nan Afirka, Kenya ta ga irin nata a 2020, lokacin da ma'aikatar lafiya ta dakatar da wani ƙunshin nikotin da ake cusawa a leɓe mai suna Lyft, wanda shi ma ta hannun masu tashe aka yayata shi.

Yadda take shigowa nan

A Injamena babu wani babban kamfani da ya kafa allo a shataletale yana cewa a zo a sayi sigarin lantarki. Ba ya bukata. Yaro ya sayi megan sefa ɗari biyar a Airtel ko Moov, ya buɗe TikTok, ya ga mawaƙin da yake so daga Legas ko Abijan ko Faris cikin mota mai tsada yana fitar da farin hayaƙi. Ya tsaya ya kalla har ƙarshe. Manhajar ta lura ya tsaya, sai ta kawo masa wani, da wani, har ya zama kamar duk duniya abin da ake yi ke nan, shi kaɗai aka bari a baya. Wannan shi ne bambancinta da tallar da muka sani. Allon bakin titi kowa yana ganinsa, liman ya gani, mai unguwa ya gani, a yi magana. Ita wannan, uba da ɗa suna zaune a tabarma ɗaya, kowa da wayarsa, amma abin da ake nuna wa ɗan, uban ba zai taɓa cin karo da shi ba.

Sauran aikin kuma a WhatsApp ake ƙarasa shi. Mai kaya ya jera hotuna a sitatus, launi-launi kamar kwalin alawa, bayan awa 24 hoton ya ɓace babu shaida. Mai so ya yi magana ta gefe, a tura kuɗi ta waya, ɗan kilando ya kai kaya har ƙofar gida ko bakin makaranta. Babu shago, babu rasit, babu wanda ya dubi fuskar mai saye balle ya tambayi shekarunsa. Su kansu Facebook da TikTok a rubuce sun hana cinikin kayan taba a dandalinsu, to amma wa zai zauna a Amurka yana tantance abin da wani ya faɗa da Larabcin Chadi gauraye da Hausa da Faransanci? Sau da yawa ma ba a rubuta sunan kayan, hoton gajimare kawai ake sakawa da lambar waya.

Wani zai ce gwamnati ta toshe kawai. Mutanen Chadi sun fi kowa sanin iyakar toshewa. Daga Maris na 2018 zuwa Yulin 2019, wata goma sha shida, an rufe Facebook da WhatsApp da Twitter a ƙasar nan saboda dalilan siyasa, kafin marigayi Shugaba Idriss Déby ya ba da umarnin buɗewa. Abin da aka samu shi ne matasa sun ƙware da manhajojin zagaye shinge, 'yan kasuwa kuma da ke tura hoton kaya da farashi zuwa Maiduguri da Kano su ne suka ji a jikinsu.

A fagen doka, Chadi ba ta cikin na baya a yaƙi da taba. Ta shiga yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba a 2006, ta kafa dokarta mai lamba 010 a ranar 10 ga Yunin 2010, wadda ta hana talla da sayar wa yara da sha a wuraren taruwar jama'a. A 2015 ta wajabta buga hotunan cututtuka a kan kashi 70 cikin ɗari na kwalin sigari, abin da ƙasashe da dama da suka fi ta arziki ba su yi ba a lokacin. Duk mai tebur ya san hotunan nan, wasu masu saye har juya kwalin suke yi don kada su gani. Yanzu sai ka ajiye wannan kwali kusa da na sigarin lantarki, mai hoton yankakken mangwaro da ƙanƙara, ka tambayi kanka wanne yaro zai miƙa wa hannu. Sannan a tuna, ranar da aka sa hannu kan dokar 2010 ko Instagram ba a ƙirƙiro ba, sai a watan Oktoban shekarar, TikTok kuwa sai bayan shekaru. Ita kanta yarjejeniyar ta duniya sai a Fabrairun 2024, a taron Panama, aka ƙara mata ƙa'idoji na musamman kan tallar da ke tsallaka iyaka ta intanet da fina-finai. A shekarar ne kuma hukumar tace fina-finai ta tarayyar Najeriya ta fito da dokar hana ƙawata shan taba da kayan nikotin a fim da bidiyon waƙa.

Lissafin da ke jikin kwali

Tunda da 'yan kasuwa muke magana, bari mu yi lissafi. A jikin mafi yawan waɗanda ake sha a yar za ka ga an rubuta 5%. Ma'anarsa a kowane mililita ɗaya na ruwan akwai miligiram 50 na nikotin. Kamfanin Juul da bakinsa ya ce ɗan kwalbarsa guda, wanda bai kai mililita ɗaya ba kuma yake ɗauke da kimanin miligiram 40, daidai yake da kwalin sigari mai kara ashirin. To na yanzu, masu rubutun zuƙa dubu biyar ko dubu goma, wasu suna ɗauke da mililita goma, wasu fiye. Mililita goma sau hamsin, miligiram 500 ke nan. A bisa ma'aunin su Juul ɗin, abin da ke cikin hannun yaron nan ya haura kwali goma na sigari. Kuma karan sigari yana ƙarewa, mutum ya yar da guntu ya san ya sha ɗaya. Wannan ba ya ƙarewa a zama ɗaya, yana aljihu, a ɗaki a zuƙa, a bayi a zuƙa, cikin dare a farka a zuƙa.

Ga wani abu da zai amfani mai saye da sari. A duk ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda nikotin ya wuce miligiram 20 a mililita ba, wato 2%, kuma mazubin ruwan kada ya wuce mililita biyu. Saboda haka duk dillalin da ya kawo maka mai 5% ya ce maka kayan Faransa ne, ƙarya yake yi, kayan da ba za su shiga kantin Faransa ba ne. Hasali ma Faransa ta haramta na sha-ka-yar gaba ɗaya a Fabrairun 2025, Beljiyam ta riga ta tun ranar farko ta shekarar, Ingila ta bi su a ranar 1 ga Yuni. Indiya ta haramta kowane iri tun 2019, haka ma Habasha, Yuganda kuwa tun dokarta ta 2015. Masana'antun Shenzhen ba su rufe ba don an rufe masu waɗannan ƙofofi. A ganinmu ba sai an yi duba ba kafin a san inda katan-katan ɗin za su nufa: ƙasashen da matasa suka yi yawa, doka kuma ba ta waiwayo ba tukuna. Kusan rabin mutanen Chadi ba su kai shekara 15 ba.

Gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗi ɗaya ɓangaren. Likitoci da yawa, musamman a Ingila, suna ganin cewa ga babban mutum da ya shekara ashirin yana shan kwali guda a rana, komawa sigarin lantarki ya fi masa sauƙin illa, domin babu ƙonewar ganye, babu kwalta, kuma nazarce-nazarce sun nuna yana taimaka wa wasu su bar taba. Ba mu musa ba. Amma su ma likitocin cewa suke yi wanda ba ya shan taba kada ya fara wannan. Kuma a duba tallar da kyau, a cikin bidiyon da ke yawo, an taɓa ganin direban tirela mai shekara hamsin yana tari yana cewa ya samu mafita? Yara ne masu kyawun fuska, da kiɗa, da launi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga ɗanɗano iri-iri har 16,000 a kasuwa. Tsohon mashayi ba ya bukatar ɗanɗanon cingam. A rahotonta na Oktoban 2025 hukumar ta ƙiyasta cewa masu zuƙarsa a duniya sun haura miliyan 100, daga ciki aƙalla miliyan 15 yara ne 'yan shekara 13 zuwa 15. Masana kuma sun ce ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, shi ya sa nikotin ya fi saurin kama matashi, ya taɓa masa natsuwa da barci da haƙuri.

Ribar da kasadar

Mun san dalilin da ya sa kayan ke jan hankali. Ba su da nauyi, ba su cin wuri, katan ɗaya da za ka saɓa a kafaɗa ya fi buhunan sukari da yawa kuɗi, kuma wanda ya saya yau dole ya dawo. To amma kallon kitse ake yi wa rogo idan ba a lissafa da sauran ba.

Na farko, kaya ne masu batirin lithium da ruwa a ciki, mu kuma a watan Afrilu da Mayu zafin Injamena yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin shagon kwano a kasuwar Dembe ko Kasuwar Gero, ko bayan motar da ta kwana uku a layi a Fotokol. Zafi yana sa ruwan ya yi duhu ya canza ɗanɗano, ya yoyo, batir ya mutu ko ya kumbura. Ba banza ba dokar jiragen sama ta duniya ta hana saka shi cikin akwatin da ake aunawa a zuba a cikin jirgi tun 2015. Wanda ya taɓa ganin gobarar kasuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Na biyu, jabu ya yi yawa, kuma ba ka da hanyar sanin abin da aka zuba a ciki. A Amurka tsakanin 2019 da farkon 2020 mutum 2,807 aka kwantar a asibiti, 68 suka mutu, sakamakon wani mai da 'yan bayan fage suka riƙa gaurayawa cikin ruwan zuƙa mai ɗauke da sinadarin wiwi. Can suna da ɗakunan gwaji da suka gano dalilin cikin watanni.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar jari. Irin waɗannan kaya dare ɗaya ake haramta su. Masu shagon magani a Kano ba su manta da shekarar 2018 ba, lokacin da BBC ta nuna fim kan yadda matasa ke shan maganin tari mai kodin, kwana ɗaya tak gwamnatin Najeriya ta hana shigo da shi da haɗa shi, abin da jiya yake haja ya wayi gari abin ɓoyo. Kamaru, wadda kayanmu ke ratsawa, ta sanar da haramta shisha a Maris na 2022, Mali ta bi sahu a Agustan shekarar, ta ba masu shaguna wata shida su rufe. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta riga ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba. Ranar da sanarwa irin wannan ta fito kan sigarin lantarki a Yawunde ko Injamena ko Abuja, mai masana'anta ya karɓi kuɗinsa tun kafin a yi lodi, yarinyar da ta yi rawa da shi a TikTok ta ci nata ta goge bidiyon, wanda za a samu da katan hamsin a sito, rabi kuma bashi ne, shi ne Alhajin da ke tsakiya.

Akwai kuma maganar da ba a cika yi a rumfa ba. Yaran da ake yi wa wannan talla ba 'ya'yan wasu can ba ne. Su ne masu riƙe mana makullin shago, su ne muke aikawa banki, su ne ke raka kaya daga Gamboru, kuma saboda sana'armu su ne suka fi sa'o'insu riƙe babbar waya da kuɗi a hannu. Yaron da abin ya kama, idan na hannunsa ya mutu ba ya iya jira sai ƙarshen wata. Zai fara da kuɗin abincinsa, ya koma ƙara ɗari biyu a kan farashin da ka yanka, daga nan sai aljihun tebur. Iyayen gida da yawa ba a bakin yaro za su fara ganin abin ba, tunda ba ya wari kuma haƙora ba su rinewa. A littafin ciniki za su fara gani, ranar da aka zauna lissafi bayan la'asar aka tarar jaka biyu ko uku ba su cika ba, mako na bin mako, kuma kaya ba su ɓata ba.